Masu Koya wa Gilashin Ƙarfe Lanƙwasa

Malaman kimiyyar ƙarfe suna da wani ɗan gwaji da suke son yi a gaban sababbin ɗalibai. Su kafa bututu uku na gilashi a tsaye, kowanne a kan faifan ƙarfe: na farko a kan ƙarfe marar tsatsa, na biyu a kan titaniyam, na uku a kan wani faifai mai sheƙi wanda ido ba ya ganin bambancinsa da sauran. Sai su saki ƙwayar boris a cikin kowane bututu, lokaci guda. Biyun farko su ɗan yi tsalle su kwanta. Ta ukun kuwa ta yi ta bugawa tana tashi, kas, kas, kas, har mai kallo ya soma leƙen ƙasan tebur ko an ɓoye wani inji.

Ba a ɓoye komai ba. Faifai na uku gilashin ƙarfe ne. Ƙarfe ne sosai, wutar lantarki tana bi ta cikinsa, haske ba ya ratsa shi, amma ƙwayoyin zarrar da ke cikinsa a hargitse suke irin na gilashin taga. Duk bugun da boris ya yi wa faifai na farko yana barin 'yar lotsawa da ido ba ya gani, kuma a nan ƙarfin tsallen yake tsiyayewa. Gilashin ƙarfe ba ya lotsewa da irin wannan bugu. Abin da aka ba shi, shi yake mayarwa, kusan duka.

Da wannan ake tallarsa. Abin da ba a cika nunawa ba shi ne yadda sandarsa take yi idan aka ɗaura ta a injin ja. Za ta jure nauyin da ya isa ya miƙar da yawancin ƙarafa, sannan, ba sallama ba gargaɗi, ta tsinke ɗas, a karkace. Injiniya kuwa ba abin da yake gudu kamar ƙarfen da ba ya gargaɗi. Mutanen da nake son yabawa su ne waɗanda suka shafe shekaru fiye da 40 suna koya wa wannan mai taurin kai ya lanƙwashe kafin ya karye, alhali abin da suke sarrafawa, wato zaman ƙwayoyin zarra a cikin hargitsi, ba sa iya ganinsa sai inuwa-inuwa.

Kafin a ga wahalar aikinsu, sai an san abin da ke sa ƙarfen da muka saba da shi lanƙwasa. A cikin rodin gini ko cokalin shayi, ƙwayoyin zarra jere suke sahu-sahu, hawa kan hawa. Jerin kuma ba cikakke ba ne: nan da can akwai rabin sahu da ya cusu tsakanin cikakku, ya yanke a tsakiya. A 1934 mutum uku, Geoffrey Taylor da Egon Orowan da Michael Polanyi, kowa a nasa aikin, suka gano cewa wannan aibin ne yake ba ƙarfe damar lanƙwasa. Idan aka danna, ba sai hawa guda ya zame gaba ɗaya a kan ɗan'uwansa ba. Yankakken sahun ne yake matsawa taki ɗaya-ɗaya har ya fita ta gefe, kuma hakan ba ya cin ƙarfi da yawa. Ga kuma wata baiwa a ciki: idan waɗannan aibobi suka yi yawa, sai su sarƙe da juna, wurin ya ƙara tauri. Duk wanda ya taɓa lanƙwasa waya ya so miƙar da ita ya san gwiwar da ta yi ta fi sauran jikinta gardama. Saboda wurin da ya lanƙwashe ya taurare, lanƙwasar sai ta koma maƙwabcinsa, a haka ta bazu ko'ina, ƙarfen ya miƙe sosai kafin ya tsinke. Gargaɗin ke nan.

Gilashin ƙarfe ba shi da sahu, saboda haka ba shi da yankakken sahu. Wannan sauƙaƙƙiyar hanya a toshe take, shi ya sa yake da ƙarfi na ban mamaki. Amma baiwar taurarewa ita ma ta tafi tare da ita.

An fara samunsa a 1960 a Caltech da ke Kalifoniya. Pol Duwez, haifaffen Beljiyam, da ɗalibansa biyu, Klement da Willens, suka harba ɗigon narkakken zinare mai gamin silikon a kan faifan tagulla mai sanyi. Ɗigon ya baje ya daskare da saurin da ya kai wajen digiri miliyan ɗaya a daƙiƙa, ƙwayoyin zarrar ba su sami zarafin shiga sahu ba, suka sandare a inda sanyi ya riske su. Abin da aka samu ɗan ɓawo ne siriri, kuma bai jima ba ya koma jerin sahu da kansa. A shekarun 1970 aka iya zuba narkakken gami a kan tayar tagulla mai juyawa da gudu, ya fito kamar zirin kaset, kaurinsa wajen maikromita 25. Da irin wannan ziri mai baƙin ƙarfe da boron da silikon, wanda kamfanin Allied Chemical ya fitar da sunan Metglas, ake naɗa cikin wasu taransfomomi, kuma wutar da suke ɓatawa a zaune ta ragu da wajen kashi 70 cikin 100.

Ziri dai ziri ne, ba a gina komai da shi. A ƙarshen shekarun 1980 Akihisa Inoue na Jami'ar Tohoku da ke Sendai a Japan ya fara fitar da gamin da ke zama gilashi ko da an sanyaya shi a hankali. Dabarar ita ce a rikita ƙwayoyin zarra: a haɗa sinadarai uku ko fiye, girman ƙwayoyinsu ya bambanta da fiye da kashi 12 cikin 100, kuma su kasance masu son cuɗanya da juna. Manya da matsakaita da ƙanana a wuri guda, kafin su sasanta wa zai tsaya ina, sanyi ya kama su. A 1993 Atakan Peker da William Johnson na Caltech suka wallafa gamin zirkoniyam da titaniyam da tagulla da nikel da beriliyam, wanda aka sani da Vitreloy 1. Shi digiri ɗaya a daƙiƙa ya ishe shi. Daga miliyan zuwa ɗaya! Wayarsa mai faɗin murabba'in milimita ɗaya tana iya ɗaukar wajen kilo 190, kusan ninki biyu na gamin titaniyam da ake ƙera jirgin sama da shi, kuma tana talewa har kashi 2 cikin 100 ta dawo daidai yadda take.

Yadda ake haɗa shi a ɗakin bincike abin kallo ne. Mai aikin zai auna kowane sinadari har zuwa miligiram, ya jera gutsattsarin a kan faifan tagulla da ruwa ke sanyaya ƙasansa, ya rufe tukunyar, ya zuƙe iskar da ke ciki, ya cika ta da iskar argon, ya sake zuƙewa, ya sake cikawa. Kafin ya taɓa gaminsa, sai ya fara narkar da wani ɗan dunƙulen titaniyam da ya ajiye a gefe, don ya lashe ragowar iskar oksijin, saboda zirkoniyam mayen oksijin ne, kuma ɗan kaɗan ya isa ya ɓata zubi. Sannan ya kunna tartsatsin lantarki, yana leƙe ta baƙin gilashi, yana kewaya harshen wutar a kan gutsattsarin har su dunƙule su zama maɓalli mai ƙyalli. Ya bari ya huce, ya juya shi, ya sake narkarwa, sau da yawa, don gamin ya gauraye. A ƙarshe ya buɗe wata 'yar kafa, narkakken ƙarfen ya tsotsu cikin mazubin tagulla kafin ƙiftawar ido. Idan ya haska sandar da hasken eksire, ya ga layin na'urar ya yi tudu mai faɗi babu tsini ko ɗaya, ya san ya sami gilashi.

To, a nan gizo ke saƙa. Sanduna biyu daga gami ɗaya, duka biyun na'ura ta shaida gilashi ne, amma ɗaya ta lanƙwashe, ɗaya ta fashe. Ashe hargitsi ma iri-iri ne.

Tun a 1952 Charles Frank ya lura cewa ƙwayoyin zarra a narkakken ƙarfe suna son zama 12 kewaye da guda ɗaya, cikin wani dunƙule mai fuska 20. Dunƙulen ya matsu ƙwarai, amma siffarsa ba ta jeruwa ta cika sarari ba tare da barin giɓi ba. Wajen 1960 J. D. Bernal a Landan ya yi ta cusa dubban ƙwayoyin boris a cikin jaka, ya daskarar da su da fenti, ya ɓamɓare su ɗaya bayan ɗaya yana ƙirga maƙwabtan kowacce. Aikin haƙuri ne da yau kwamfuta take yi, kuma abin da ta nuna, musamman a ayyukan Evan Ma da abokansa a Jami'ar Johns Hopkins kan gamin tagulla da zirkoniyam, shi ne gilashin ƙarfe yana da ƙashi da tsoka. Akwai yankunan da irin waɗannan matsattsun dunƙulaye suka sarƙe suka yi tauri, a tsakaninsu kuma akwai wurare masu sako-sako, inda ƙwayoyin suka zauna zaman da bai yi musu daɗi ba. Faɗin kowane yanki 'yan nanomita ne, nanomita kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na milimita.

Mai awon hatsi ya san wannan al'amari da hannunsa. Ya zuba gero a mudu ya cika, ya bubbuga gefen mudun, geron ya zauna, wuri ya samu a sama, alhali ko ƙwaya ɗaya ba ta fita ba. Wanda aka zuba yanzu yatsa yana nutsewa a cikinsa, wanda aka bubbuga kuwa sai ya cije, kuma in ka dage sai ka tura yatsan, dole ƙwayoyin da ke kewaye su ɗaga su buɗa kafin su ba ka hanya. Haka gilashin ƙarfe yake. Wanda aka sanyaya da sauri ya daskare da rata mai yawa a cikinsa. Wanda aka sanyaya a hankali, ko aka ɗumama shi daga baya, ya zauna.

Frans Spaepen na Harvard ya yi lissafin wannan rata a 1977. Bayan shekara biyu Ali Argon na MIT ya zo da bayanin da har yau ake tafiya a kansa, kuma hanyar da ya bi tana burge ni. Shi da ɗalibinsa Kuo suka shimfiɗa ƙananan ƙwayoyin kumfar sabulu masu girma iri biyu a kan ruwa, don kada su jeru, suka riƙa tura shimfiɗar a hankali suna ɗaukar hoto. Suka ga ba duka take motsawa ba. Wani ɗan gungu ne a wuri mai sako-sako yake mirginawa farat ɗaya ya sauya zama, sauran suna tsaye. A ƙarfe, irin wannan gungu ƙwayoyi ne daga 'yan kaɗan zuwa wajen ɗari.

Matsalar tana cikin abin da ke biyo baya. Gungun da ya mirgina sai ya buɗa wuri, ya kuma jefa nauyinsa a kan na kusa da shi, shi ma ya mirgina. Wurin da ya motsa ya ƙara laushi ke nan, akasin wayar nan da gwiwarta ke taurarewa. Kuma da zarar wuri ɗaya ya fi sauran laushi, duk motsin sai ya taru a kansa. Cikin ɗan lokaci an sami wani siririn layi da ya ratsa sandar a karkace, kaurinsa nanomita 10 zuwa 20 kacal, rabin sandar yana zamewa a kan ɗaya rabin ta wannan layi, sauran ƙarfen kuwa ko gezau. Layin zamiya ke nan, kuma a injin ja, guda ɗaya ya isa ya raba sanda biyu. In ka duba bakin karayar da madubin lantarki za ka ga zane kamar jijiyoyi, alamar cewa a daƙiƙar ƙarshe abin da ke cikin layin ya kwarara kamar ruwa mai kauri.

An daɗe ana gardama ko zafi ne ke haifar da layin. Ta yaya za a auna zafin abin da ya fi ƙwayar cuta ƙanƙanta, wanda kuma yake aukuwa ya wuce kafin kowace na'ura ta farga? John Lewandowski da Lindsay Greer suka warware ta a 2006 da wata dabara mai sauƙi har ta ba mutum haushi don bai riga su tunaninta ba. Suka shafa wa gilashin ƙarfe wani siririn rufi na kuza, wadda take narkewa a digiri 232, suka lanƙwasa shi, suka duba. A gefen layukan zamiya kuzar ta narke ta dunƙule ƙwaya-ƙwaya, nesa kaɗan kuma tana nan lafiya lau. Daga faɗin inda ta narke suka lissafa zafin da ya fito. Zafi akwai shi, mai tsanani ma, amma lissafin ya nuna ba shi ne ke tsara kaurin layin ba. Sassautawar zaman ƙwayoyi ce kan gaba, zafi yana biye.

Daga nan tunanin masu aikin ya juya, kuma a ganina wannan juyin shi ne zuciyar gwanintar. Hana layin zamiya fitowa ba zai yiwu ba, kuma in ma ya yiwu, abin da za a samu shi ne ƙarfe mai gautsi da zai fashe daga tsaga ta farko. Abin nema shi ne layukan su yi yawa: dubbai, kowanne ya ɗan zame kaɗan ya tsaya, su gicciya juna, su tare wa juna hanya.

Wani abin yana cikin gamin kansa. Idan aka ja abu ya ƙara tsawo, yana ramewa ta gefe, kuma rabon ramewar da ƙarin tsawon shi ake kira ma'aunin Poisson. A 2005 Lewandowski da Wei-Hua Wang na Beijing da Greer suka tara sakamakon gilasai da yawa, suka ga iyaka a fili: waɗanda ma'auninsu ya haura 0.31 zuwa 0.32 suna da juriya, na ƙasa da haka gautsi gare su. Dalilin shi ne a bakin kowace tsaga ana tsere tsakanin abu biyu, ko ƙwayoyi su zame a kan juna ko su rabu su bar rami, kuma ma'auni mai yawa yana nufin zamewa ta fi rabuwa sauƙi. Gilasan magniziyam da yawancin na baƙin ƙarfe suna ɓangaren gautsi. Na filatinam da Jan Schroers da Johnson suka haɗa a 2004, mai ma'auni 0.42, ya matsu har kashi 20 cikin 100 bai fashe ba. A 2011 Marios Demetriou da abokansa na Caltech da Berkeley suka fito da na faladiyam mai ɗan gamin azurfa, wanda juriyarsa ga tsaga ta yi kafaɗa da kafaɗa da ta ƙarafa mafi nagarta. Sai dai filatinam da faladiyam, ai kowa ya san ba da su ake ƙera garma ba.

Hanyar da ta fi kusa da amfanin yau da kullum ita ce a yarda a ɗan saki akida. Tun a 2000 ɗakin binciken Johnson ya fara barin wasu ƙananan rassa masu jerin sahu su tsiro a cikin narkakken gamin kafin sauran ya daskare ya zama gilashi. A 2008 Douglas Hofmann ya gyara dabarar: ya riƙe gamin a zafin da rabinsa ruwa ne rabinsa daskararre, har rassan suka yi kauri, tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da tsawon da layin zamiya zai iya tafiya kafin ya zama tsaga. Rassan sun fi gilashin laushi, saboda haka su ne suke fara bayarwa, su tayar da layuka barkatai, kowane layi kuma kafin ya yi nisa ya ci karo da wani reshe ya tsaya. Sandar ta miƙe fiye da kashi 10 cikin 100 a injin ja kafin ta tsinke.

Amma abin da ya fi ƙayatar da ni shi ne na masu wasa da ratar nan kai tsaye, ba tare da sun sauya gami ko sun ƙara komai ba. Maƙeri idan ƙarfe ya yi masa gardama wuta yake mayar da shi, ya bari ya huce a hankali, ya yi laushi. Gwada haka da gilashin ƙarfe ka ga ta'asa: ɗumi yana ba ƙwayoyin damar gyara zama, wuraren sako-sako su cike, zirin da jiya ake ninke shi biyu yau ya karye a hannu. Tsufa suke kiran wannan, kuma suna auna shi da zafin da gilashin ke fitarwa idan aka ɗumama shi a na'ura: mai ƙuruciya yana fitar da yawa, tsoho kaɗan. Tambayar ita ce, ana iya mayar da tsoho yaro?

Ana iyawa. A 2006 an nuna cewa yi wa fatar sanda ruwan ƙananan ƙwallaye yana sassauta saman, ya kuma bar matsi a cikinsa wanda ke tilasta wa layuka su yawaita. A 2015 Sergey Ketov da Greer da abokan aikinsu suka wallafa wata hanya mai ban dariya don sauƙinta: a tsoma gilashin a ruwan naitirojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, a fito da shi ya dawo zafin ɗaki, a sake tsomawa, sau gommai. Da yake yankuna masu tauri da masu laushi ba sa tsukewa daidai da juna, kowane zagaye sai su ja juna, su yamutsa zaman da aka riga aka gyara. Wato bambancin da ke cikin gilashin shi aka sa ya yi aikin da kansa. Ba kowane gami ne yake amsa wannan magani daidai ba, kuma in an zarce ƙima amfanin yana raguwa, shi ya sa sanin inda za a tsaya yake cikin gwanintar. A 2020 kuma Jie Pan da Yi Li na cibiyar binciken ƙarafa da ke Shenyang a China, tare da Greer, suka yi wa sanda tsaga kewaye da ƙugunta, suka matse ta yadda tsakiyar ta motsa ba tare da ta sami hanyar zamewa ba, suka yanko wannan tsakiyar suka gwada. Ta sassauta har ta kai idan aka danna ta matsewa take yi ta ƙara tauri. Baiwar nan da aka ce gilashin ƙarfe ba zai taɓa samu ba, ga ta.

Duk da haka kada mai karatu ya ɗauka an gama. Yawancin waɗannan nasarori a kan sanduna ne da ba su wuce 'yan milimita ba, beriliyam guba ne ga mai shaƙar ƙurarsa, tsabtar da zubin yake bukata kuma tana cin kuɗi. Inda ya sami gindin zama ƙananan abubuwa ne masu tsada: kan sandar wasan golf a ƙarshen shekarun 1990, zoben fuskar wasu agogunan Omega, ɗan tsinken ciro layin waya da Apple ya taɓa sakawa a kwalin wasu wayoyinsa, da giyoyin inji da Hofmann ya gwada a cibiyar JPL ta hukumar NASA don na'urorin da za su yi aiki a sanyin duniyoyi masu nisa ba tare da man shafawa ba. Wanda duk ya ce maka an kusa fara zuba rodin gini da shi, ka tambaye shi kaurin sandar da aka gwada, sannan ka tambaye shi matsa ta aka yi ko ja.